Baƙin da ke cikin rudun Baba

Ni haifaffiyar Tawa ce, ɗiyar ɗan kasuwar albasa. Tun ban san karatu ba na san warin albasar da ta ruɓe, kuma har yau ko daga nesa na jiyo shi sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Baba ba ya noma da hannunsa. Idan kakar albasa ta zo, wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ke cika buhu ya faɗi warwas, sai ya nufi wajen Galmi da Madawa ya saro, ya kawo ya jera a rudu, wato rumbun ajiye albasa. Daga nan sai jira. Ana jiran damina ta yi nisa, albasa ta yi wuya, manyan motoci su fara lodi zuwa Abijan da Ankara ta Gana da Kwatano. Ribarsa duka tana cikin wannan jira, asararsa ma a nan take.

Aikinmu mu yara shi ne tsinta. Bayan ƴan kwanaki sai a buɗe rudu, mu zauna muna juya albasa ɗaya bayan ɗaya, muna fitar da wadda ta fara laushi. Akwai wadda za ka gani garau daga waje, ja-ja-wur da ita, amma da ka ɗaga ɓawon farko sai ka tarar da wani baƙin gari kamar kwalli ya kwanta a jikinta, ya bi jijiyoyinta tun daga wuya. Baba yakan murza shi da babban yatsa, ya duba yatsan, ya jefa albasar bayan rudu bai ce komai ba. Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare ruwa ya sauka da wuri, iska ta yi laima, baƙin nan ya shiga rudu biyu cikin uku. Na tuna tulin da muka yi a bayan gida, da ƙudan da suka yi masa dafifi, da yadda Baba ya zauna bisa turmi bayan la'asar ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya nuna mini yatsansa ya ce, "Uwata, kin ga wanga baƙi? Shi ya ci guminmu na bana." A wannan shekara yayana ya bar lakwal ya bi ƴan uwa zuwa Abijan bida, kamar yadda samarin Adar da yawa ke yi.

A wannan gida dai, taku kaɗan daga rudu, Inna na yin daddawar batso. Takan wanke gurguzu, ta dafa shi da ruwan toka tun safe har dare, ta tsiyaye, ta rufe shi ruf a wuri mai ɗumi ta bar shi kwana biyu. Sannan a daka, a sake rufewa, kafin a shanya. Tana da dokokinta da ba a takawa. Ba a buɗewa don leƙe, ba a taɓawa da hannu mai maiƙo, ba a sa gishiri da wuri. Idan muka tambaye ta dalili sai ta ce, "Abin na da rai, ku bar shi ya yi aikinai." Mukan ɗauka magana ce irin ta manya. Na girma ina ganin Baba na yaƙi da ruɓa a wannan kusurwa, Inna na renonta a waccan, kuma ban taɓa haɗa su biyun a zuciyata ba.

Da na samu bak, wato takardar ƙare sakandare, na tafi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni, can Harobanda bayan an tsallake Gadar Kennedy. Likita na so zama, ban samu ba, na shiga sashen kimiyya ina nazarin halittu ba da wani ɗoki ba. A shekara ta biyu malamin da ke koya mana ilmin ƙananan halittu ya ce kowa ya zo da wani abu da ya lalace daga gida ko kasuwa. Wasu suka kawo burodi mai fumfuna, wasu tumatir. Ni kuwa na tafi Katako na roƙi wani mai albasa ya ba ni ɗaya cikin waɗanda ya ware. Da na ɗaga ɓawon na ga baƙin nan, sai da gabana ya faɗi.

Na ɗebo ɗan kaɗan da bakin allura, na ɗora bisa gilashi, na sa ido a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Abin da na gani bai yi kama da gari ba ko kaɗan. Wasu dogayen sanduna ne sirara, kowane da dunƙulallen kai baƙi cike da ƴaƴa. Duk wanda ya taɓa ganin garkar da aka bar albasa ta yi fure don iri, ya san wannan siffa: kara ɗaya miƙaƙƙe, da ƙwallon fure a samansa. Na daɗe ban ɗaga kai ba. Malam ya rubuta sunan a allo, Aspergillus niger, aji ya ɗau hayaniya don an ga sunan ƙasarmu. Ya ce mu kwantar da hankali, kalmar Latin ce mai nufin baƙi. Sai ya ciro kwalbar lemo daga jakarsa ya ce in karanta abin da aka rubuta a jikinta. Na karanta har na iso kan asid sitirik, E330. Ya ce, "Wannan tsamin da kike ji a lemon kwalba, da alewa, da magungunan da ke tafasa cikin ruwa, kusan dukansa wannan baƙin naki ne ke yin shi."

Ya ba mu labarin a taƙaice. Kafin yaƙin duniya na farko daga lemon tsami ake tatso shi, kuma Italiya ce ke riƙe da kasuwar. A 1917 wani masanin sinadarai a Amurka, James Currie, ya gano cewa idan aka ba wannan fumfuna ruwan sukari mai kauri, aka sa ruwan ya yi tsami sosai, aka kuma hana shi wasu abubuwan gina jiki, sai ya riƙa zubo asid sitirik da yawa. Cikin ƴan shekaru kamfanin Pfizer ya fara yin shi a masana'anta, kasuwar lemon Italiya ta karye. Yau ana yin fiye da tan miliyan 2 a shekara, mafi yawa a Sin, daga masara da rogo da ragowar ruwan rake. A daren ban yi barci ba. Abin da ya fitar da yayana daga aji, a wata ƙasa an sa shi cikin tanki ana ciyar da shi, ana biyan ma'aikata albashi da aikinsa.

Daga ranar karatu ya zame mini wani abu dabam. Na fara gane cewa kowace ƙwayar halitta tamkar ƙaramar maƙera ce. Sukari ya shiga ta wannan ƙofa, a sare shi, a lanƙwasa, a miƙa daga wannan hannu zuwa wancan, ya fito ta wata ƙofa da wata siffa. Aikin masu wannan ilmi shi ne su san ƙofar da za su toshe da wadda za su buɗe, don abin da suke so ya taru. Na koma kan daddawar Inna da wannan ido. Bakteriya ce ta dangin Bacillus ke farfasa furotin ɗin gurguzu, ruwan tokar nan shi ke gyara mata wuri ya kori abokan gaba, kuma daɗin da daddawa ke ba miya daga gulutamat yake. Gulutamat ɗin nan dai shi ne a cikin dunƙulen ɗanɗanon da ya kori daddawa daga tukwane da yawa. Wani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908, kuma tun wajen 1957 a Japan ake sa wata bakteriyar ƙasa, Corynebacterium glutamicum, tana yin shi daga sukari cikin manyan tankuna. Da na gaya wa Inna, ta yi shiru ta ce, "To su ma rufewa suke yi su jira?" Na ce ƙwarai, sai dai su suna auna zafi da iska da tsami kowace sa'a. Ta ce ita da bayan hannunta take aunawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kayan da ba na ci ba, waɗanda masana'antu ke gina wasu kaya da su. Tsamin da ke cikin nono, idan aka tace shi aka sarƙa ƙwayoyinsa, roba yake zama, ana ce mata PLA, kuma akwai masana'antarta a Nebraska ta Amurka da ke aiki da sukarin masara. A jihar Tenesi tun 2006 ake sa bakteriyar E. coli da aka sauya wa gado tana yin wani sinadari da ake saƙa zaren tufafi da darduma da shi. A Barazil rake ake mayarwa barasa, barasar a mayar da ita leda. Har maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha, a 2006 Jay Keasling da abokan aikinsa a Kalifoniya sun sa yis ɗin burodi ya yi sinadarin da ake ƙarasawa ya zama artemisinin. Ni da na taso ina ganin baƙar leda maƙale a kowace ƙaya daga Tawa har Ƙwanni, na ga mahauta na ciro ta dunƙule daga tumbin akuya, na kuma san an yi dokar hana ta tun 2014, sai na ɗauka na samo mafita. Daga baya na karanta cewa ita PLA ba ta narkewa don an yar da ita a bola, sai an tara ta a wurin takin da zafinsa ke kaiwa wajen digiri 60. Wannan ya rage mini zumuɗi, kuma gara da ya rage.

Sai na faɗa kan maganar kara. Duk karan hatsi abu uku ne a haɗe: zare mai ƙarfi da aka yi da sukari tsantsa, wani sukarin mai rassa, da wani ƙaro mai tauri da ke ɗaure su, sunansa liginin. Shi liginin ɗin nan masana'antun takarda yawanci ƙone shi suke yi don wuta. Amma a cikinsa akwai zobban sinadari irin waɗanda ake samu a man fetur, kuma akwai wata bakteriyar ƙasa, Pseudomonas putida, da ta iya buɗe su. A wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Kolorado an toshe mata hanya a tsakiya, ta yadda in ta buɗe zoben ba ta iya ƙarasa cinye shi, sai ta zubo asid mukonik. Daga shi taku ɗaya ne zuwa asid adifik, wanda ake yin nailan da shi, wanda kuma har yau daga fetur ake yin shi ta hanyar da ke fitar da iska mai ɗumama duniya. Na yi ta lissafi a zuciyata: ƙasar da ke noman hatsi da dawa daga Dosso har Damagaram, karanta nawa ne?

Da wannan zance na koma gida hutu. Bayan isha'i na zauna gaban Baba ina ta bayani, ina cewa karan da ake zubarwa banza zai iya zama igiya da tufafi. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Uwata, a ina kika ga karan da aka zubar?" Ya fara ƙirgawa da yatsu. Shi tumaki da shanu ke ci daga Maris har ruwa ya sauka, kuma a wannan lokaci dami-dami ake sayar da shi da kuɗi masu kyau. Da shi ake darni, da shi ake rumfa, da shi mace ke hura wuta. Tokarsa ita uwarki ke tacewa ta yi daddawa. Wanda aka bari kwance a gona shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Ya ce, "Duk wanda ya zo da mota ya kwashe kara, daga bakin akuyar talaka ya ɗauka." Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa, kuma a duk takardun da na karanta kalmar shara ake kiran wannan abu da ita. Waɗanda suka rubuta su a ƙasarsu suke magana. Can sai ya nuna bayan rudu da haɓa ya ce, "In abin da ba mai so kike bida, ga shi can. Ko akuya ba ta kula shi."

A kan ruɓaɓɓiyar albasa na yi aikin digirina na biyu, a wani ɗan ɗakin bincike a Yamai. Tunanin mai sauƙi ne a baki: albasa na da sukari, fumfunan ya riga ya saba da ita, to a matse ruwanta a ba shi. Gwajin farko na yi murna, don cikin kwana huɗu ya rufe saman ruwan da wani farin bargo mai kauri, daga baya ya yi baƙi ƙirin. Da na auna tsamin sai na tarar kusan babu. Na maimaita, haka. Wata biyu ina wannan kafin in yarda da abin da ke rubuce tun zamanin Currie. Wannan halitta idan ta ƙoshi, jikinta take ginawa ta yi ƴaƴa. Sai sukari ya yi mata yawa, sauran abinci ya yi mata kaɗan, sannan take zubo tsami. Ruwan albasa kuwa akasin haka yake. Kusan kashi tara cikin goma na albasa ruwa ne, sukarinta bai kai rabin abin da ake so ba, ga shi cike da gishirin ƙasa. Akwai wani ƙarfe, manganis, wanda ɗan mitsitsinsa da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin duka. Ni kuma a tukunyar ƙarfe nake tafasa ruwan, da ruwan famfo nake ɗauraye kwalabe. Laifin nawa ne, kuma ranar da na gane haka na yi kuka a bayan ɗakin.

Na sake komai. Na koma tafasawa cikin gilashi har ruwan ya yi kauri kamar maɗi, tafasar kuma na rage yajin albasar da ke takura wa ƙananan halittu. Na riƙa tace shi don rage ƙarafan, na sa masa tsami tun farko, domin in ruwan bai yi tsami ba wani asid dabam fumfunan ke yi. Sai ga bazara. Shi yana son zafi wajen digiri 30, Yamai kuwa a Afrilu tana wuce 40, kuma idan kuran ya ɗauke na'urar sanyaya ba ta da amfani. Na rasa gwaji biyu a mako ɗaya. Na kira Inna ina ƙorafi, ta ce, "Ke da kika sha ruwan randa, mi ya hana ki sa abinki cikin tukunya?" Na sayo manyan tukwanen ƙasa biyu, na sa ƙarama cikin babba, na cika tsakaninsu da yashi mai laima, na jera kwalabena a ciki na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ina zuba wa yashin ruwa. Ma'aunin zafi ya sauko ya tsaya inda nake so, dare da rana.

Bayan kwana goma na yaye bargon, na tace ruwan. Na zuba masa farar ƙasa irin ta shafen bango, sai wani farin laka ya kwanta a gindin kwalba, tsamin ne ya kama ta ya sauka. Na wanke lakan, na ɗiga masa asid irin na batirin mota a hankali, wanda ke ƙwace farar ƙasar ya saki tsamin, ya bar jifs irin wanda ake haɗawa cikin siminti a Malbaza. Na tace, na ƙafar da ruwan sannu-sannu, na ajiye. Da safe na tarar da ƴan ƙwayoyi masu ƙyalli manne a gefen gilashi, ba fari tas ba, da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa. Duka ba su cika cokalin shayi ba. Na yi alwala na yi raka'a biyu a nan cikin ɗakin.

Na kai wa Baba su cikin ƴar kwalba. Ya ɗaga ta sama wajen haske, ya girgiza, ya buɗe zai lasa. Na riƙe hannunsa. Fumfunan da na yi aiki da shi daga kasuwa na ɗebo shi, kuma a cikin irinsa akwai masu fitar da dafi tare da tsamin, kamar yadda ɗan uwansa ke sa dafi a gyaɗar da ta yi laima. Masana'antu da zaɓaɓɓen iri suke aiki, wanda aka tantance shekara da shekaru. Nawa ya isa wanke tsatsa ko gyaran fata, bai isa shiga baki ba. Ya rufe kwalbar ya tambaye ni albasa nawa na matse, itace ko gas nawa na ƙona wajen tafasa, da nawa ake sayar da kilon farin garin tsamin nan da masu lemon ƙulli ke saye. Na faɗa masa. Ya yi lissafinsa a ka, kamar yadda yake yi gaban direbobi, ya ce, "Bai biya ba tukuna." Na ce bai biya ba, Baba. Wanda ke zuwa daga Sin ya fi nawa araha nesa ba kusa ba, kuma wutar tafasa ita ke cinye komai. Shi ya sa yanzu nake gwada ƙafar da ruwan da zafin rana, aiki da rana kuwa shi ne abin da mutumin da jami'armu ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni Diyofo, ya ƙarar da rayuwarsa a kai.

Baba bai mayar mini da kwalbar ba. Tana cikin akwatin da yake ajiye takardun filinsa. Ya tsufa yanzu, yayana da ya dawo daga Abijan shi ke riƙe da rudu, amma tsinta har yau Baba ke zama a kanta tare da jikoki. A watan Agustan da ya wuce yaron mota ya kira ni daga tasha ya ce ina da saƙo daga Tawa. Na je na tarar da buhu biyu. Ɗaya albasa ce mai kyau ta miya. Ɗayan an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ruwa na ɗiga daga gindinsa, yaran tasha na toshe hanci. A jikinsa an rubuta da gawayi, da ajamin Baba: na aikin Uwata, kada a zubar.